Duk wanda ya kasa riƙe ƙudurinsa na sabuwar shekara malalaci ne?

Baban Khalifa: Jama'a, abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A farkon Janairu muka zauna da abokaina na majalisa, kowa ya faɗi abin da zai cim ma a sabuwar shekara. Wannan zai sauke Alƙur'ani, wancan zai tara jarin shago, wani zai daina kwana a kan waya. Kafin Maris ya ƙare, ko zancen ba a so a tayar. In ka tambaya sai a ce yanayi ne. Wane yanayi? Mushafin Madina shafi 604 ne. Shafi 2 kullum, ka sauke cikin wata 10. Naira 500 kullum a asusu, ƙarshen shekara ka fasa ka ga 182,500. Mutum ya ɗauko buri kamar tsauni, bai raba shi kashi-kashi na kowace rana ba, sannan ya ɗora wa ƙaddara laifi. Ni dai na ce lalaci ne, wanda ya ji haushi ya zo mu yi.

Malam Na-Zariya: Baban Khalifa, kafin mu je ga lalaci, wace sabuwar shekarar kake nufi? Janairu sunan wani abin bautar Rumawa ne, Janus, kuma kalandar da kake ƙirga da ita Fafaroma Gregory na 13 ne ya gyara ta a 1582. Mu tamu tana farawa ne 1 ga Muharram, tsarin da Sayyidina Umar ya kafa a shekara ta 17 bayan Hijira. Kun ɗora gini a kan tubalin wasu, ina zai tsaya?

Maman Ilham: Malam, Allah ya gafarta, albashinku da wane wata ake biyanku? Kuɗin makarantar yara da kuɗin haya fa? Ko kasafin kuɗin jiha ba da Janairu yake tafiya ba? Ni a nan nake tsara adashena, ban ga inda na saɓa wa addini ba.

Malam Na-Zariya: Hajiya, lalura daban, girmamawa daban. Karɓar albashi da Janairu dole ce ta sa. Amma ka zauna ka ce yau rayuwata za ta sabunta saboda Disamba ta ƙare, wannan kwaikwayo ne.

Ɗan Damagaram: Ku duka biyun kun manta da manomi. A ƙauyukanmu shekara daga damina zuwa damina take. Idan kaka ta yi, aka zuba gero a rumbu, a nan maigida ke yanke abin da zai yi: auren ɗiya, sayen sa, gyaran ɗaki. Kuma yana cikawa, don abin da ke rumbu ya duba kafin ya yi magana.

Auwalun Kurmi: To ai manomin ma rani na yi yake tahowa birni cin rani. Wane cikawa?

Ɗan Damagaram: Cin ranin yana cikin tsarin, ɗan'uwa. Ku Kanawa komai sai kun raina na ƙauye, alhali geron da kuke sha daga wurinsa ya fito.

Auwalun Kurmi: Wa ya kawo zancen Kano a nan?

Anti Mai Ɗinki: Malam, ina da tambaya, ba gardama ba. Ai ita kanta Hijirar a Rabi'ul Awwal Annabi (SAW) ya isa Madina, ba a Muharram ba. Sahabbai ne suka zaɓi Muharram saboda shi ke biyo bayan watan Hajji. Ke nan farkon shekara tsari ne na ƙirga. In haka ne, me zai hana mutum ya yi amfani da wanda ya dace da harkarsa?

Malam Na-Zariya: Tsarin sahabbai ne dai, ƙanwata. Kada ki haɗa shi da na Fafaroma.

Abban Zahra: Gaskiya Malam ya faɗa. Wasu ma in ka tambaye su wane watan Musulunci muke ciki ba su sani ba, sai azumi ya matso.

Maman Ilham: Kai kuma daga Malam ya yi tari sai ka ce gaskiya ne. Kana da naka ra'ayin kuwa?

Abban Zahra: Ki iya bakinki, Hajiya. Malamina ne, kuma ban ji kunyar hakan ba.

Baban Khalifa: Don Allah ku dawo kan magana. Ko Muharram ne ko Janairu, me ya sa ba a cikawa? Hadisin Nana A'isha na Bukhari da Muslim ya nuna aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Abin da nake faɗa ke nan tun farko.

Auwalun Kurmi: Yaya, ka daina kiran mutane malalata. Wanda ya tsara ajiye 500 kullum a Janairun 2023, a watan Mayu aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da 200 zuwa sama da 500. Kuɗin mota kaɗai ya cinye abin asusun. Wannan ma lalaci ne?

Malam Na-Zariya: Shi ya sa Suratul Kahfi ta hana mutum cewa zai aikata abu gobe ba tare da in sha Allahu ba. Masu bikin Janairu nawa ne ke faɗin haka?

Maman Ilham: Kun buɗe zuciyarsu kun gani ne, Malam?

Abban Zahra: Bari in taƙaita, tun da dare ya yi. An fahimci cewa tushen matsalar shi ne ɗora ƙuduri a kan shekarar da ba tamu ba, kuma Malam ya kawo hujjoji na tarihi da aya waɗanda ba wanda ya iya rushewa. Zancen albashi da tsadar mai uzuri ne kawai. Mai son tsara shekararsa ya jira Muharram.

Anti Mai Ɗinki: Ba a amsa tambayata ba, ka ce ba wanda ya rushe hujja?

Baban Khalifa: Ni ma tawa ba a taɓa ta ba. Mai son shafi 2 kullum ya yi mini magana, gobe bayan Asuba za mu fara, in sha Allahu.