Wai kalmar news gajarta ce ta North, East, West, South?

Ɗan Fagge: Salam jama'a. Ashe kalmar news ta Turanci gajarta ce? N north, E east, W west, S south, wato labarin da aka tattaro daga gabas da yamma kudu da arewa. Turawa akwai dabara wallahi.

Malamin Firamare: Haka yake, an daɗe ana faɗa, ni ma nakan gaya wa ɗalibai.

Maman Husna: Ni kuma wanda aka turo min a WhatsApp cewa yayi Notable Events, Weather and Sports. To wanne zamu ɗauka?

Ɗan Samaru: Ko ɗaya Hajiya, duk daga baya aka ƙirƙiro su. News jam'in new ne kawai, wato sababbin abubuwa, kuma tun ƙarni na 14 take cikin Turanci, lokacin ma newes ake rubuta ta da E guda biyu, to ku gaya min E ta biyun wace kusurwa ce? Masana na ganin kwaikwayon nouvelles ta Faransanci akayi, don tun da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066 Faransanci ya cika fada da kotu.

Malamin Firamare: Ɗan Samaru kai komai sai ka musa. An ce tsofaffin jaridu suna saka alamar kusurwoyi huɗun a saman shafi, daga nan aka samo.

Ɗan Samaru: Allah ya gafarta malam ba musu bane, lissafi ne. Caxton, wanda ya fara buga littattafai a Ingila, bai kafa injin ɗab'insa a can ba sai 1476, jaridar kullum ta farko a Landan kuwa, Daily Courant, sai 1702 ta fito. Kalmar ta girmi injin ta girmi jaridar, ta yaya ɗa zai haifi ubansa?

Ɗan Fagge: Amma dai haruffan sun dace tsaf fa, wannan ba zai zama dace kawai ba.

Ɗalibar BUK: Yaya Ɗan Fagge duba yaren Holan, su nieuws suke cewa, daga nieuw wato sabo, kuma gabas a wajensu oost ce kudu zuid, ka ga ba yadda za'ayi kusurwoyi su haɗa ta amma ginin kalmar iri ɗaya ne da na Turanci. Sannan Bature in zai jero su north south east west yake cewa ko ya bi zagayen agogo north east south west, ba mai cewa north east west south sai wanda yake so dole ta fito news.

Maman Husna: Kai wannan yarinya Allah ya ƙara basira.

Ɗan Samaru: Ƙari kuma, haɗa kalma daga haruffan farko ba tsohuwar al'ada bace a Turanci, a ƙarni na 20 ta yaɗu, radar sai 1940 sojojin ruwan Amurka suka haɗa ta, laser ma bayanta ta zo. Duk tsohuwar kalmar da aka ce maka gajarta ce ka sa mata alamar tambaya, irin su tip, wato ɗan tukuicin da ake ba ma'aikaci, da ake cewa To Insure Promptness.

Malamin Firamare: To in jam'i ce me yasa ake cewa the news is, ba the news are ba? Ku amsa wannan.

Ɗalibar BUK: Malam tambayar nan ta yi. A da ana cewa duka biyun, har a rubutun Shakespeare akwai, daga baya ta koma cikin kalmomin da ba'a ƙirgawa kamar information da advice. Shi yasa a good news kuskure ne ko da yake mun saba ji, sai dai good news ko a piece of news, kuma masu makin WAEC basa yafe wannan.

Ɗan Fagge: Ni dai tawa tafi daɗin faɗa.

Malamin Firamare: Zan duba ƙamus ɗin Oxford da ke ofishin hedimasta ranar Litinin. Kafin nan ban sallama ba.