Wace manhajar sa ido za mu ɗora wa sabar makaranta?

Na Malali: Salamu alaikum jama'a. Makarantarmu ta sayi sabar guda uku (manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima), ana son manhajar da za ta riƙa sa musu ido. Zabbix ko Cacti?

Ɗan Kawo: Zabbix. An gama.

Baban Ummi: Ƙanena, kafin ka zaɓa ka ji abin da ya same ni. Inda nake aiki a da, ni na buɗe shafin manhajar sa idonmu a intanet don in riƙa dubawa daga gida. Wata takwas ban sabunta ta ba. Wani ya zo akwatin bincike, maimakon suna ya rubuta umarnin SQL (yaren da ake ba rumbun bayanai umarni da shi), manhajar ta miƙa wa rumbun bayanai haka nan ba tacewa, rumbun kuwa ya bi umarni. Abin da ban yi tunani ba: duk kalmomin sirrin na'urorinmu suna ajiye a cikinta, don da su take leƙa kowace na'ura. Maigadi ne mai makullin kowane ɗaki. Kwana huɗu muna canza kalmomin sirri, oga ko gaisuwata ba ya amsawa.

Ɗan Kawo: Allah ya kyauta. Amma ai Cacti ce mai wannan ciwon, a 2023 aka gano nata, sai da aka fitar da sigar 1.2.25 mai gyaran.

Hajiyar Barnawa: Malam, Zabbix ɗinka fa? Irin wannan ciwon da aka gano masa a ƙarshen 2024, maki 9.9 cikin 10 aka ba shi a ma'aunin haɗari. Ƙaramin asusu mai izinin API (ƙofar da wasu manhajoji ke bi su yi magana da shi) ya isa a yi ɓarna.

Ɗan Kawo: Ai sun toshe.

Hajiyar Barnawa: Sun toshe wa wanda ya sabunta.

Na Rigasa: Mu nan wuta ce ke kare mu. Sabar da ke kashe, wa zai yi mata kutse?

Baban Ummi: Kai dai ba ka rabo da shiririta. Na Malali, kowacce ka ɗauka, ka ɓoye ta bayan VPN (keɓaɓɓiyar hanyar da sai mai izini ke shiga), ka rufe asusun baƙi, kuma asusun da take shiga rumbu da shi kada ya zama na shugaba.

Na Malali: Na gode Yaya. To wacce zan ɗauka ke nan?

Na Rigasa: Wai wa ke da inbata na sayarwa? Tawa ta ƙone jiya.