Ƙanƙara na kama bututun AC ɗinmu, an ƙara gas sau biyu amma shiru

Baban Safiya:

Salamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. A gidanmu AC guda ne ke sanyaya ko'ina: kwamfuresa tana waje, ɗayan injin yana cikin silin, iska tana bin bututu ta fito a ɗakuna ta ƙofofi 11. Ƙarfin sanyayarsa ton 4 ne, gas ɗinsa R-410A, shekararsa 6 yana aiki lafiya lau. Wata biyar da suka wuce sanyi ya fara ja baya. Na leƙa waje, sai ga ƙanƙara fari fat ta lulluɓe babban bututun jan ƙarfen nan da ke shiga kwamfuresa. Mai gyara ya zo, ya ɗaura geji, wato ma'aunin matsin gas, ya ce gas ya yi ƙasa, ya ƙara. Aka samu sauƙi na kamar wata biyu. Ya dawo ya sake ƙarawa. Yanzu ga mu a gidan jiya: awa biyu da kunnawa iska ta daina fitowa da ƙarfi, in na kashe kuma ruwa ya yi ta ɗiga daga silin ɗin baranda, har allon ya fara kumbura. Ya ce zai zo ya ƙara na uku. Hankalina bai kwanta ba. Shin gas ɗin AC ƙarewa yake yi kamar man mota?

Tsohon Mai Gyara:

Wa alaikumus salam, Baban Safiya. Kada ka bari a ƙara na ukun nan tukuna. Gas ba ya ƙarewa. Zagaye kawai yake yi a rufaffen bututu, ya ɗebi zafi a ciki ya kai waje ya zubar, ya dawo. Na sha buɗe injin da ya haura shekara 15 ba a taɓa ƙara masa ko kaɗan ba. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma wanda ya ƙara bai nemi ramin ba, zuba ruwa yake a kwando.

Amma akwai abin da na fi so ka gane, domin shi ne ke ruɗar yaranmu da yawa. Ƙanƙara hanya biyu take zuwa. Ko gas ya yi ƙaranci, matsinsa ya faɗi, koyil ɗin ciki, wato lanƙwasasshen bututun da iska ke ratsawa ta yi sanyi, ya yi sanyin da ya wuce sifili. Ko kuma gas na nan daidai, amma iskar ɗaki mai ɗumi ba ta ratsa koyil ɗin yadda ya kamata, sai raɓar da ke kansa ta daskare. Duka biyun, allurar geji ƙasa za ta nuna. Wanda geji kaɗai ya sani zai ce gas ne, ya ɗura wa injin da ba ya buƙata. Abin da ke raba gardama shi ne a auna zafin babban bututun da ma'auni, a gwada da zafin da geji ke nunawa. In tazarar ta yi yawa, gas ne ya gaza. In ta yi kaɗan ƙwarai, iska ce ba ta isa. Aikin minti goma ne, kuma ina jin ciwon yadda ake tsallake shi.

Yau ɗin nan ka kashe sanyi a tamostat, ka bar fanka kaɗai tana juyawa har ƙanƙarar ta narke gaba ɗaya. Kada ka sa wuƙa ko sukundireba ka ce za ka ɓamɓare, koyil ba ya da kauri. Kada kuma ka ci gaba da kunna shi a haka, domin gas yana iya komawa kwamfuresa yana ruwa, ita kuwa tururi aka ƙera ta ta matsa. Wannan ne ke kashe ta.

Maman Khalil:

Yaya, yaushe rabonka da duba filta? Namu haka ya yi bara. Da na zaro ta, ƙura ta toshe ta kamar bargo, na ɗaga ta a hasken taga ko ɗigon haske bai ratso ba. Tun daga nan duk wata nake dubawa, ba ta wuce wata uku ban canza ba. Sannan ka duba ko an rufe ƙofofin iska a wasu ɗakuna.

Baban Safiya:

Maman Khalil, kin taɓo inda yake. Filtar ta kusa shekara. Kuma da hannuna na rufe ƙofofi huɗu a ɗakunan da ba a kwana, ina ganin sanyin zai taru a sauran, wuta ma ta ragu. Malam, wannan ma laifi ne?

Tsohon Mai Gyara:

Laifi ne, ɗan'uwa, duk da niyyar mai kyau ce. Kowane ton yana son iska wajen kafa 400 na kubik a minti ɗaya, naka mai ton 4 wajen 1,600 ke nan. An auna bututun gidan da ƙofofi 11 a buɗe. Ka rufe huɗu, ga toshewar filta, fanka tana ta fama iska ba ta wucewa. Buɗe su duka, sa sabuwar filta, ka lura da kibiyar da ke gefenta ta nuna inda injin cikin silin yake. Bayan minti 15 da kunnawa ka auna iskar da ke shiga da wadda ke fitowa. Lafiyayyen inji yakan ba da bambancin digiri 8 zuwa 11 a ma'aunin Salshiyas.

Injiniya Ƙarami:

Ina tare da Malam, sai dai ban yarda filta ce kaɗai ba. Baban Safiya ya ce duk ƙarin da aka yi ana samun sauƙin wata biyu. Da iska ce kawai, ba za a ga wannan tsarin ba. Ka bi bututun da tocila, duk inda ka ga danshin mai da ƙura ta manne, a nan yoyon yake, domin man kwamfuresa tare da gas yake fita. Shafa kumfar sabulu za ka ga tana hurowa. In za a gyara, a zuƙe gas ɗin cikin tukunya, kada a sake shi a iska, R-410A yana riƙe zafi wajen ninki 2,000 na iskar kabon. A yi walda ana zura naitirojin, a gwada matsi, a yi bakum, wato a zuƙe iska da danshin da ke cikin bututun, har ma'auninsa ya nuna maikiron 500, sannan a zuba gas da sikeli bisa nauyin da ke rubuce a jikin injin, da ƙarin tsawon bututu in akwai. Kuma kada a gauraya masa wani gas daban kamar R-22 ko R-32.

Baban Safiya:

Allah ya saka muku da alheri, ga yadda ta kaya. Na canza filta, na buɗe ƙofofin, iska ta dawo da ƙarfinta, amma bambancin digiri 6 na samu, bayan awa huɗu kuma ƙanƙara ta fara dawowa. Na kira wani mai gyaran na karanta masa abin da kuka rubuta. Ya hau silin, ya sami mai baƙi ƙirin a mahaɗar walda kusa da koyil, kumfa tana tashi a wurin. Ya yi aikin kamar yadda Injiniya ya zayyana, ya bar naitirojin a ciki ya kwana, allura ba ta motsa ba. Yau kwana tara, bambanci digiri 10, babban bututun yana gumi kawai. Ya kuma busa magudanar ruwan, wani kore-kore mai yauƙi ya fito da yawa. Saura tiren da ke ƙarƙashin koyil, gefensa ɗaya ya yi tsatsa har yana ɓarewa. Malam, a shafe shi ko a canza gaba ɗaya kafin in gyara allon silin?