Kamba a motar rimot: wace kalma za mu riƙa faɗa?

Na Kawo: Jama'a, yaran da ke koyon saita motocin tsere na rimot suna rikita kamba da tsukewar bakin taya, wato yadda gaban tayoyi ke matsowa kusa da juna idan ka kalli mota daga sama. Kamba ita ce yadda taya ke jingina idan ka tsaya gaban mota ka kalle ta, ko samanta ya shiga ciki ko ya fita waje. Ina ganin mu ce "karkata". Me kuka gani?

Makanike, Panteka: Yallaɓai, karkata ta yi faɗi da yawa. Idan mota ta sha kwana jikinta ma karkata yake yi, kuma wannan aikin sifirin ne da man shoka. Mu a gareji kamba muke cewa, kowa ya gane. Amma in Hausa ake so, ku dubi ƙafar mutum. Mai gwame gwiwoyinsa a haɗe, sawu a buɗe. Haka tayar da samanta ya shiga ciki take.

Na Barnawa: Malam ya kawo ta. Gwame kuwa shi ake so a mota mai sikelin 1/10 (kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske) ta kan kwalta, digiri 1 zuwa 2. Dalili: a kwana nauyi yana komawa tayar waje, jiki ya kwanta, sai gwamen ya sa fuskar taya ta zauna daram a ƙasa. In ya wuce kima, gefen ciki ne zai cinye, kuma motar ta rasa riƙo a miƙaƙƙiyar hanya da wajen birki. Cin taya shi ne alƙali: in ciki da waje suna ci daidai, kada ka taɓa.

Na Kawo: To kishiyarsa fa?

Makanike, Panteka: Ƙafar baka mana. Sama a waje, ƙasa a ciki. Ba a neman ta a tsere, gefen waje kawai take ci.

Na Barnawa: Ƙari ga masu aunawa. Kada a auna gwame kafin a daidaita tsayin mota daga ƙasa, domin tsayi yana canza shi. A sa batir a ciki, a ɗora motar a kan gilashi ko allo mai tauri marar tudu ko kwari, a danna ta sau biyu a sake, a tabbatar tsayin ya kai milimita 5 ko 6. Sannan a juya sandar sama da ke riƙe da taya. Gajarta ta, gwame ya ƙaru. Haƙorin bakin sandar ɗaya juyin hagu yake yi, ɗayan kuma juyin dama, shi ya sa ba sai an kwance ta ba. Amma a ɗaura duka sandunan huɗu fuska ɗaya, in ba haka ba kana ƙara wa dama kana rage wa hagu ba ka sani ba.

Na Kawo: Na janye karkata. Kamba ta zauna a matsayin sunan saitin, gwame da ƙafar baka su zama ɓangarorinta biyu. Saura tsukewar baki, wadda a tayoyin baya ake sa wa kamar digiri 3. Wa ke da kalma?