Jan jirgi mara inji: ƙugiyar hanci ko ta ciki, me kuka gani?

Ɗaliba a Jamus: Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ina koyon tuƙa jirgi mara inji, samfurin ASK 21, kuma kullum injin naɗe waya ke cilla mu sama. Mako mai zuwa jirgi mai inji zai fara jan mu. Malaminmu ya ce a ƙugiyar hanci za a maƙala igiya, ba ta ƙarƙashin ciki da muka saba ba. Waɗanda suka riga ni, me kuka gani?

Mai jan jirgi: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ni ke gaba, a jirgi mai inji samfurin Pawnee. Wata rana na ja wani tsohon jirgi mara nauyi da ke da ƙugiyar ciki kaɗai. Muna kamar mita 150 sama matuƙin ya haura sama da ni, igiya ta ɗaga wutsiyata, hancina ya kalli ƙasa. Na janyo sandar tuƙi iya ƙarfina, jirgin bai amsa ba. Allah ya sa ya saki igiyar. Da muna ƙasa da haka, da ba ni ke wannan rubutun ba.

Baban Ummi: Allah ya ƙara tsarewa, Malam. Ƙugiyar ciki tana kusa da tsakiyar nauyin jirgi, don injin waya aka yi ta. Idan hanci ya ɗaga, jan igiyar ƙara ɗaga shi yake. Ta hanci kuwa miƙar da kai take bayan mai jan ka, tun kana gudu a ƙasa ma.

Ɗan Zariya a Ingila: Tawa ta hanci ce, duk da haka na kusa jawo masifa. Na sunkuya in rufe 'yar tagar iska, daƙiƙa biyu, ina ɗagowa babu jirgin a gabana. Malamin da ke bayana ne ya fizgi mariƙin rawaya mai sakin igiya. Abin da ake nanata mana ke nan: ya ɓace maka, saki nan take, kada ka neme shi.

Mai jan jirgi: Ki duba igiyar kuma. Tamu mita 60 ce. Gajeriya ba ta ba ki lokacin gyara. Mahaɗin da aka yi don ya tsinke yana kare jirgi daga fizga, amma wutsiyata kan ɗagu kafin ya tsinke.

Ɗaliba a Jamus: Na gode, Yaya. Zan roƙi malaminmu ya fara nuna mini daidai inda jirgin gaba zai zauna a gilashina.