Gwajin ƙwayoyin gado zai iya nuna maganin ciwon damuwa da zai karɓe ni?

Ummu Safiyya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata bakwai ke nan da likita ya ce ciwon damuwa ke gare ni. Ya fara ɗora ni a kan amitriptyline. Wallahi ƙwaya ɗaya ta miligiram 25 zan sha da dare, amma har hantsi ban iya ɗaga kai ba, baki ya bushe ƙamas, ga ɗalibai suna jirana a aji. Aka canza min zuwa fluoxetine, yau sati biyar, jiya i yau. Yayata da ke aure a Amurka ta ce a can ana goga auduga a cikin kumatu, a kai ɗakin gwaji, a gano maganin da ya dace da jinin mutum, kuma ita za ta biya. Da gaske ne, ko kuɗinta za ta zubar?

Abu Hanif:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki lafiya, 'yar uwa. Harhaɗa magunguna ne sana'ata. Gwajin gaskiya ne, sai dai tallarsa ta fi aikinsa. Ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da aikin hanta wajen sarrafa magani yake dubawa. Akwai sinadarai biyu, CYP2D6 da CYP2C19, masu narkar da yawancin magungunan nan. Wani ya gaji masu sanyin jiki, sai magani ya taru masa a jini, ɗan kaɗan ya kwantar da shi. Wani nasa masu gaggawa ne, kafin magani ya taɓuka komai an wanke shi. Amitriptyline duka biyun ke sarrafa shi, don haka gwajin na iya bayyana abin da ya same ki, ko da yake dama magani ne mai sa barci.

Amfaninsa dai a daidaita awo ne da kauce wa illa. Amma ya nuna wanda zai yaye miki damuwar, nan hujja ta yi rauni. A 2022 an fitar da binciken PRIME Care a kan tsofaffin sojojin Amurka kusan 2,000. Waɗanda aka zaɓa wa magani da gwajin sun ɗan ɗara sauran samun sauƙi, amma zuwa wata shida tazarar ba ta a zo a gani ba ce.

Ɗan Birni:
Ƙari kan bayanin Malam: yawancin binciken nan a kan Turawa aka yi shi. Mu baƙar fata muna da nau'o'in CYP2D6 masu rage aikinsa, *17 da *29, waɗanda da wuya a same su a Bature. In za a yi, Aunty ta fara tambaya ko gwajin yana duba su, kada a ce miki lafiya lau alhali ba a leƙa ba.

Inna Mairo:
'Yata, sai a magani na uku na samu kaina, kuma yau shekara huɗu ina lafiya. Likitana ya ce a babban binciken STAR*D, kusan mutum ɗaya cikin uku ne kawai ya warke da maganin farko. Kada ki yanke shan maganinki da kanki. Kuma ki nisanci tramadol, haɗa shi da fluoxetine haɗari ne.

Ummu Safiyya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Inna, kalamanki sun sa ni hawaye. Ranar Talata zan koma asibiti, na rubuta sunayen sinadaran nan a takarda zan nuna wa likita. Na ce wa Yaya ta dakata tukuna.