Wane maganin shafawa ne yake yi wa sanƙo aiki da gaske?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Sumata ta fara ja da baya ta gefen goshi kuma tsakiyar kai ta fara haske, babanmu da yayyena duk haka suke, ni kuma ban kai talatin ba. Ba na son haɗiyar ƙwaya, na shafawa nake so, wanne kuka gwada ya yi muku?

Baban Biyu: Wa alaikumus salam. Minoxidil ne dai, shi ake sayarwa da sunan Rogaine ko Regaine. Asalinsa ma maganin hawan jini ne da ake sha, sai likitoci suka lura masu shansa gashi yana ta fito musu, shi ne aka mayar da shi na shafawa, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da shi tun 1988. Ka nemi mai kashi 5 cikin ɗari, mil 1 safe mil 1 dare, a kan fatar kai za ka sa ba a kan sumar ba, kuma kan ya zama a bushe. Ni a tsakiyar kai ya cike min sosai amma gefen goshi kam kaɗan ne, tsayawa dai ya yi bai ƙara ja ba.

Ɗan Auta: Na gode yaya, amma wani abokina ya ce da ya fara sai zubar ta ƙaru, ya tsorata ya daina.

Baban Biyu: Ai nan mutane da yawa suke asara wallahi. Wannan zubar ta makonnin farko tsohon gashi ne da dama ya gama zamaninsa, sabo ke turo shi, takan lafa cikin wata biyu haka. Kafin wata huɗu zuwa shida kar ma ka yanke hukunci, ka ɗauki hoton kanka yau a wuri mai haske ka riƙa ɗauka duk wata a wuri ɗaya, don madubi kullum ba zai nuna maka komai ba.

Kawu: Ɗana abin da ba sa faɗa muku shi ne ba ranar dainawa. Duk gashin da maganin ya riƙe maka, ka bari wata uku ko huɗu zai zube ka koma inda da ma za ka kasance. To ka tambayi kanka tun yanzu ko za ka jure shafa abu kullum shekara da shekaru, in ba za ka iya ba gara ka aske abinka ka huta, ba ciwo ba ne. Kuma inda ya riga ya yi santsi yana sheƙi tun shekaru, babu man da zai dawo da shi, saiwar ta riga ta tafi. Kai da yake yanzu ya fara, kana da abin da za ka riƙe.

Mai Harhaɗa Magani: Maganar Kawu gaskiya ce. Bari in ƙara abu biyu uku. Sanƙon gado wani sinadari ne da jiki ke samarwa, mai suna DHT, ke jawo shi, yana tsuke saiwar gashi a hankali har gashin ya sirance ya koma kamar na jariri sannan ya ɓace, shi kuma minoxidil ba ya taɓa DHT ɗin, tsawaita lokacin girman gashi kawai yake. Wanda ke rage DHT shi ne finasteride, akwai na fesawa da aka amince da shi a wasu ƙasashen Turai irin Italiya da Jamus, amma kar wani ya ce maka tunda na shafawa ne ba ya shiga jini, yana shiga ko da bai kai na sha ba, wasu sun yi ƙorafin raguwar sha'awa, FDA ma ta yi gargaɗi a 2025 kan wanda ake haɗawa ana sayarwa ta intanet. Wannan sai da likita, kuma mace mai ciki kar ta kuskura ta taɓa shi. Sannan in ruwan minoxidil ya sa maka ƙaiƙayi da ɓarewar fata, yawanci wani sinadari mai suna propylene glycol da ke ciki ne, ka koma na kumfa. In ka ji bugun zuciya ko jiri ko ƙafa ta kumbura ka tsaya ka ga likita. Masu mage a gida ku kula sosai, ɗan kaɗan ta lasa a hannu ko a filo zai iya kashe ta.

Abokin Kowa: Ni shamfu ɗin ketoconazole nake haɗawa da shi, Nizoral, sau biyu a sati, in bar kumfar minti biyar kafin in ɗauraye. Amosani ya tafi kaina ya daina ƙaiƙayi, amma ba zan ce shi kaɗai yana fito da gashi ba.

Ɗan Auta: To man rosemary da ake ta talla fa, da wannan abin mai ƙananan allurai da ake murzawa a kai?

Mai Harhaɗa Magani: Rosemary bincike ɗaya ake ta jingina da shi, na 2015 a kan mutum 100, kuma da minoxidil mai kashi 2 aka gwada shi ba mai kashi 5 ba, ni dai ba zan ba ka shawarar ka ɓata watanninka na farko a kansa ba. Dermaroller, wato abin alluran da ka faɗa, ya fi shi hujja in aka haɗa da minoxidil, sau ɗaya a sati, ka tsoma shi a sifirit kafin da bayan amfani, ba a aronsa, kuma ka bari sai washegari ka shafa maganin. In kana da ƙuraje a ƙeya ko jikinka mai yin tabo mai tudu ne, ka bar shi kwata-kwata.

Kawu: Kuma ka fara nuna wa likitan fata kan naka tukuna. In zubar zagaye-zagaye take kamar kwabo ko tana ɓarewa irin makero, wannan wani ciwo ne daban da maganinsa daban.

Ɗan Auta: Allah ya saka da alheri Kawu, nawa ba zagaye ba ne amma zan je a duba. Tambaya ta ƙarshe, in na shafa da safe zan iya sa hula?

Baban Biyu: Za ka iya, ka bari ya bushe tukuna kar hular ta shanye shi, na kumfa ya fi saurin bushewa. Ka kuma wanke hannu da sabulu, kar ka kai shi fuska gashi ya fito maka inda ba ka nema ba.